Mutumin Da Ke Riƙe Da Sanda

Sallama gare ku, ku da kuka cika mini waya da tambaya ɗaya: wai an fasa auren ne ko ba a fasa ba? Ku zauna. Yau zan ba ku labarin sandar da ta shiga tsakanina da Dogo. Wanda ya shigo yanzu ma bai makara ba, daga tushe zan ɗauko.

Ni ce auta a gidanmu. Ba ni da kyan da za a juyo a kalla, ba ni da surutu. Abu ɗaya Allah ya ba ni, ido. Tun ina ƙarama idan aka kawo hoton taro, kowa na gaba yake kallo, ni kuwa wadda ke can baya tana harara nake hangowa. Umma ta ce sa ido ne. Ashe sana'a ce.

Bayan na gama makaranta na daɗe a gida, daga wanke-wanke sai shara. Sai gidan adana kayan tarihi suka buɗe horo ga matasa, a koya musu yadda ake karanta tsofaffin hotuna a fitar da tarihi daga cikinsu. Na nema, aka ɗauke ni. Yayata ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Karanta hoto? Auta, hoto kallonsa ake yi. Gobe kuma sai a buɗe makarantar sauraren tukunya."

"Ke dai ki bar ni, Yaya."

"Na bar ki. Idan kin ƙware ki karanta mini na katin shaidata, ki gaya mini laifin da na yi wa mai hoton."

Ɗakin da muke karatu a ƙarƙashin bene yake, babu taga. Sanyi kamar cikin firij. Akwatunan kwali masu ruwan toka a jere har rufi, da wani wari mai ɗan tsami na tsohon fim da ya fara lalacewa. A tsakiya akwai tebur na gilashi da fitila a cikinsa. A kansa ake shimfiɗa fim ɗin asali, wanda fari ke fitowa baƙi, baƙi ke fitowa fari, a duƙa a kai da madubin ƙara girma. Ba a shiga da biro, sai fensir. Ba a shiga da ruwa. Ranar farko na sha man shafawa har hannuna yana ƙyalli, aka mayar da ni famfo.

Malamarmu gajeriya ce, tabarau a rataye a wuya, farar safar hannu kullum. A bayan idonta Kar-a-taɓa muke kiranta. Ta ajiye mini wani hoto.

"Me kika gani?"

"Wani talaka yana baƙin ciki."

"Ina talaucin? Nuna mini da fensir."

Na tsaya da fensir a sama.

"Ina baƙin cikin?"

"Malama, ai kansa a sunkuye yake."

"To faɗi haka. Mutum zaune, kansa a sunkuye. Wa ya sani ko ƙaya yake cirewa?" 'Yan aji suka fashe. Ita ko murmushi ba ta yi ba. "Abin da kika gani daban, abin da kike zato daban. Kar ki taɓa haɗa mini su a layi ɗaya."

Da kunya na koma gida ranar. Amma abin ya shige ni. Ta koya mana cewa tsakiyar hoto ta mai hoto ce, shi ya shirya ta yadda yake so. Gefe kuwa namu ne, can ne abin da ya manta bai ɓoye ba. Ta koya mana gane shekarun hoto daga ƙirar mota da ɗinkin riga da tsayin bishiya. Wata rana ta nuna mana hoton kasuwa, ta sa fensir a can ƙasa inda wata inuwa ta miƙe, mai faffaɗar hula.

"A kowane hoto akwai mutum ɗaya da ba ya ciki, amma yana wurin. Shi ne mai riƙe da kyamara. Wani lokaci rana takan tona shi."

Ku riƙe wannan maganar. Za mu dawo kanta.

Yanzu Dogo. Shi ne mai kemis ɗin bakin titinmu. Idan zai shiga shagonsa sai ya sunkuya. Wajen sayo wa Abba maganin hawan jini muka saba. Kullum sai ya rubuta mini yadda ake sha a jikin kwalin, alhali maganin nan tun ina firamare Abba yake shansa. Rannan na ce, "Mun fa haddace." Ya ce, "Na sani. Rubutun ne yake tsayar da ke." Shi ke nan, daga nan abin ya kama. Manya suka shiga maganar, Umma ta fara tafiya a unguwa kamar ƙasa ba ta isa ta taka ba.

Mahaifiyarsa kuwa, Hajiya, mace ce da ake jin zuwanta kafin a gan ta. Turare, awarwaro, sai ɗaurin ɗankwalinta, dogo mai baki biyu a tsaye a sama. Babu mai irinsa duk faɗin unguwar. Yaya ta ce idan Hajiya ta shawo kwana, ɗankwalin yake fara yin sallama.

Ranar da Dogo ya kai ni gaishe ta, doguwar riga ruwan hanta na sa da mayafi mai ruwan madara, aron Yaya. Falon ya cika da kujeru masu hannun katako, labule har ƙasa, kabad cike da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Na durƙusa na gaishe ta. Idona kuwa ya ƙi zama a ƙasa. A bango, a firem mai ruwan zinari, akwai hoto ɗaya tak. Wani mutum dogo siriri, farar riga, tsaye ƙyam a gindin tsohuwar gada, sanda a hannunsa na dama. Hoton ya koɗe har ya koma launin shayi.

Hajiya ta kama ni ina kallo.

"Babana ke nan. Shi ne shugaban aikin tsohuwar gada. Kin ga sandar? Da ita yake nuna wa leburori aiki." Ta tashi ta goge gilashin da bakin mayafinta, ko ƙura babu. "Ina rarrafe ya rasu. Ban san muryarsa ba. Wannan hoton kaɗai na gada, sai abin da mahaifiyata ta gaya mini."

Dogo ya ce, "Hajiya, ai aikinta ke nan. Idan sun gama horo, kowa zai zaɓi hoto ɗaya ya bincika, a rataye a babban zaure da bayani a ƙasa."

Fuskarta ta buɗe.

"To ai kin samu naki, 'yata. Ki rubuta musu shi, su san wanda ya yi musu gadar da suke takawa."

'Yata. Wallahi har cikin ƙashina na ji daɗin kalmar nan. A mota na ce wa Dogo, "Ka gama mini komai. Zan nemo asalin hoton ko da zan kwana a cikin kwalaye."

Na nemo shi. Gidan tarihin yana da akwatunan wani mai hoto da ya yi wa ma'aikatar gine-gine aiki a wancan zamanin. Na yi kwanaki ina buɗe ambulan ina rufewa, yatsuna sun ƙage don sanyi. Sai ga gada. Sai ga shi a gindinta. Na duƙa da madubi.

A fim ɗin komai fes yake, ba kamar na bangon Hajiya ba. Maɓallan rigarsa, jijiyar hannunsa. Da sandar. Ba lafiyayyar sanda ba ce mai launi ɗaya. Zane ne da ita, fari, baƙi, fari, baƙi, kowane daidai da ɗan'uwansa.

Na san wannan sandar. Malama ta nuna mana ita tun farkon horo. Sandar awo ce. Masu hoton gine-gine sukan tsayar da mutum da ita kusa da abin da za su ɗauka, don wanda zai kalli hoton a ofis ya gane tsayin ginin.

Na ce wa kaina, to mene ne? Shugaba ma zai iya karɓa ya riƙe na minti ɗaya. Na jawo ambulan na gaba.

Rijiya. Yana tsaye a bakinta da sanda.

Na gaba, tankin ruwa. Shi ne. Kwalbati, shi ne. Makaranta mai rufin kwano, asibitin ƙauye, katangar da ruwa ya rusa, wani gari mai duwatsu, wani mai rairayi. Riga ɗaya, tsayuwa ɗaya, ido a kan kyamara, fuska a ɗaure. Har a gefen ban-ɗakin kasuwa an tsayar da shi. A wani fim na hango shi can gefe yana sauke ƙafafun kyamara daga bayan mota. A hotunan aikin gadar kuma, inda leburori suka taru, wani gajere mai tumbi suka kewaye, shi ne riƙe da babbar takarda. Mutumina yana can nesa, jingine da mota, yana jiran a kira shi.

Ban san Malama tana bayana ba.

"Me kika gani?"

"Mutum ɗaya riƙe da sandar awo, a wurare daban-daban."

"Me kike zato?"

"Tare da mai hoton yake yawo. Yaron aikinsa ne ko direbansa."

Ta sa tabarau, ta bi fina-finan ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe.

"Shekaruna nawa ina buɗe akwatin nan, gine-ginen nake kallo. Ban taɓa lura mutum ɗaya ba ne." Ta ɗago ta dube ni. "Yawancin abubuwan nan sun rushe. Duk wanda zai so sanin girmansu yau, da wannan bawan Allah zai auna. Kin samo wani abu, yarinya."

Kar-a-taɓa ba ta yabo. Duk ajin sun juyo. Kaina ya yi girma, sai kuma na tuna da Hajiya.

Akwai wani ɗan guntun fim a ƙarshen wani naɗi, irin ragowar da mai hoto kan ƙarar a kan ko mene ne. Na ɗora shi a fitila. Shi ne dai. Amma ya saɓa sandar a kafaɗa, ya karkatar da hula, yana dariya har haƙoransa na gefe sun fito. Wushirya gare shi. Irin ta Dogo sak.

Da yamma na tura wa Dogo hotunan a waya, na bi su da bayani. Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito ta ɓace, ta fito ta ɓace.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata da abin da na gani."

"To ba zai yiwu shugaban ne ba, yana zagayen duba ayyuka?"

"Shugaba ba ya sauke kayan mai hoto daga mota."

Can sai ga shi:

"Auta, rubuta shugaban aiki kawai. Wa zai bincika?"

"Ni na bincika."

"To canja hoto."

"Hajiya ta riga ta gaya wa ƙawayenta. Idan suka zo ba su gan shi ba fa?"

Gaskiyar ita ce ko ba ta gaya wa kowa ba, ba zan iya mayar da shi cikin kwali ba. Mutum ya zagaye ƙasa yana tsayuwa a rana don a auna gini da shi, babu wanda ya taɓa tambayar shi wane ne. Ni na gan shi. Ba zan sake rufe shi ba, kuma ba zan sa masa rigar wani ba.

Na rubuta: "Ka kai ni in yi mata bayani da bakina."

"A'a. Ba ki san ta a kan hoton nan ba. Bar ni da ita, ni zan faɗa mata."

"Ka yi alkawari."

"Na yi."

Laifina ɗaya, na ba Yaya labari. Kafin in cire mayafi ya isa kunnen Umma. Ta same ni a kicin ina yanka albasa, ta tsaya a bakin ƙofa hannu a ƙugu.

"Me nake ji? Uban surukarki za ki tsayar a gefen ban-ɗaki a gaban jama'a?"

"Umma, wannan ba zan rataye shi ba."

"Au, har kin yi mana alfarma! Kalma biyu ce fa, Auta. Shugaban aiki. Wa zai taso daga kabari ya ƙaryata ki?"

"Fim ɗin yana nan."

"Fim ɗin ne zai aure ki?"

Yaya daga tsakar gida ta ce, "Umma, ki bar ta. Ai akwai sanyi a ɗakin nasu, ba za ta tsufa da wuri ba."

"Ke kuma rufe mini baki!" Ta juyo kaina, muryarta ta sauka, wannan ya fi faɗan ciwo. "Yaron nan mutumin kirki ne. Uwarsa ta kira ki 'yata. Matar nan abu ɗaya take da shi na ubanta, ki je ki ƙwace? Me ta yi miki?"

Na ci gaba da yanka. Hawayen da na yi na ɗora wa albasa.

Abba yana zaune a baranda da rediyonsa a cinya. Mutum ne da kan wuni bai haɗa jimla uku ba. Na kai masa shayi, ya rage muryar rediyon.

"Bayanin nan, sunan wa za a sa a ƙasansa?"

"Nawa, Abba."

"Naki da nawa ke nan."

Ya mayar da muryar rediyon. Iyakar abin da ya ce ke nan. Har yau ban tambaye shi wane gefe yake nufi ba. Ni dai na san yadda na ji shi.

Washegari na je wurin Malama da dabara.

"Idan na rubuta, iyalinsa sun ce shugaban aiki ne fa? Ai ba ƙarya ba ce, sun ce."

"Za ki iya. Abin da iyali suka riƙe shi ma tarihi ne. Amma sai ki rubuta a ƙasa cewa fim bai nuna haka ba."

Wato in ɗaga Hajiya sama sannan in kayar da ita da hannuna a bango. Na ce a'a. Na zauna da fensir na rubuta, na goge, na rubuta, har takardar ta huje. Abin da ya rage a ƙarshe shi ne:

"Mai riƙe da sandar awo. Ya yi tafiya tare da mai hoton ma'aikatar gine-gine zuwa garuruwa da dama. Da tsayuwarsa ake gane girman gada, rijiyoyi da makarantun wancan zamani, har waɗanda babu su yau. Iyalinsa ne suka shaida shi."

Na roƙi Malama a ba ni bango guda maimakon hoto ɗaya. Ta ba ni.

Ranar nuni na sa riga shuɗiya mai duhu, baƙin mayafi, takalmi mara tsini. Umma ta ce kanta na ciwo. Yaya ta zo, ta ce ba za ta bari a ba ta labari ba. Zauren ya cika. Bangona yana daga dama: gada a tsakiya, rijiya, tanki, makaranta, asibiti a jere, mai dariyar a can ƙarshe. Mutane suna zuwa su wuce, sai su dawo da baya.

"Kai, ai mutum ɗaya ne!"

"Duba, ga shi nan ma!"

Wani tsoho ya tsaya gaban makarantar yana nuna wa jikarsa ajin da ya zauna. Na tsaya a gefe hannuna a baya. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin na kai mutum kamar ranar ba.

Sai Yaya ta zungure ni. "Ɗankwali ya yi sallama."

Hajiya ta shigo cikin leshi ruwan ƙwai, ƙawayenta a bayanta, Dogo a ƙarshe. Tana murmushi tana ɗaga wa mutane hannu. Na kalli Dogo. Ya kalli takalminsa.

Bai faɗa mata ba.

Ta iso ta riƙe hannuna. "Ina yake, 'yata?" Ta gan shi a gindin gada, fes, yadda ba ta taɓa ganinsa ba. Ta dafa ƙirji. Sannan ta ciro tabarau daga jaka ta duƙa kan bayanin. Na ga leɓenta yana bin kalmomin. Na ga inda ya tsaya.

Ɗaya daga cikin ƙawayen, mai haƙorin zinari, ta leƙo ta kafaɗarta.

"Au! Ashe riƙe sanda yake yi? Ni na ɗauka shi ya gina."

Wata ta ce, "Ai riƙe sanda ma aiki ne," da irin muryar da ta fi zagi.

Hajiya ta miƙe. Ta saki hannuna.

"Wa ya rubuta wannan?"

Sunana yana nan a ƙasa, tana ganinsa.

"Ni ce, Hajiya."

"Abin da na gaya miki ke nan?"

"A'a, Hajiya. Abin da na gani ne."

Dogo ya matso. "Hajiya, ni ne ban..."

Ta ɗaga masa hannu, ya yi shiru. Na zaci ficewa za ta yi. Sai ta bi bangon. Rijiya. Tanki. Makaranta. A gaban kowane tana tsayawa kaɗan, fuskarta kamar an rufe ƙofa. Har ta kai na ƙarshe.

Nan ta tsaya.

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Mutumin da duk rayuwarta ta sani da ɗaurarriyar fuska yana yi mata dariya, hula a karkace. Hannunta ya tashi a hankali, yatsunta suka sauka a kan hoton, daidai kumatunsa. Malama Kar-a-taɓa tana tsaye kusa da ita. Duk 'yan ajinmu muka riƙe numfashi. Malama ta juya kai tana kallon fanka.

Hajiya ta sauke hannu, ta gyara mayafi, ta fita. Ba ta kalle ni ba. Ƙawayen suka bi ta, Dogo ya bi su.

An ba ni takardar shaida ranar, aka tafa mini. Malama ta ce in dawo in ci gaba da aikin akwatunan mai hoton, akwai gurbi. Na kawo takardar gida. Abba ya karɓa ya karanta har ƙasa, ya tashi da kansa ya ɗora ta a saman kabad inda ba ya barin kowa ya sa hannu. Umma ta ce, "Sai a jiƙa a sha."

Kwanaki suka wuce. Dogo bai kira ba. Ni ma ban kira ba, ba ni na karya alkawari ba. Ina buɗe wayata in ga yana kan layi, in rufe. Maganin Abba ya ƙare, na tura Yaya. Ta dawo tana cewa, "Ya rame, Auta. Tsawon ya ƙaru. Kuma ni bai rubuta mini komai a kwalin ba, wariya ƙiri-ƙiri." Umma ta daina yi mini magana sai ta bakin Yaya. Ce wa waccan ta kwashe shanya. Ce wa waccan shinkafa na ƙonewa.

Masu tambayata ko na yi nadama, ga amsarku. Na yi kuka. Na rasa barci. Amma da za a mayar da ni gaban takardar nan da fensir, abin da na rubuta shi zan sake rubutawa.

Jiya bayan la'asar ina ɗaki ina ninke kaya, waya ta yi ƙara. Dogo. Hoto ne, babu gaisuwa.

Yana tsaye a ƙofar gidanmu. Farar riga, ƙafafu a haɗe, fuska a ɗaure. A hannunsa na dama sandar goge ɗaki ce, ya naɗe ta da farar filastar kemis, fari, baƙi, fari, baƙi. A ƙasa ya rubuta:

"Me kika gani?"

Na cije leɓe don kar in yi dariya. Ban gama fushi ba.

"Mutum tsaye a ƙofar gida, riƙe da sanda."

"Me kike zato?"

"Ina zaton matsoraci ne."

"An karɓa. Jikan mai sanda ne, ya zo a auna laifinsa. Sake dubawa, Malama. Ba ki gama ba."

Tsakiya tasa ce, shi ya shirya ta. Na sa yatsu biyu na buɗe hoton, na tafi gefe. Daga hagu, jingine da katangarmu, akwai firem mai ruwan zinari, irin na falon Hajiya. Sabo ne, ko ledarsa ba a cire ba. Babu hoto a cikinsa, girmansa daidai da hoton mai dariyar nan.

Sai na tuna. Hannunsa ɗaya yana kan sanda, ɗayan a gefensa. To wa ya riƙe wayar?

Na gangara ƙasan hoton. Rana ta yi yamma, tana bayan mai ɗauka. Inuwa ta miƙe a ƙasa har kusa da takalmin Dogo. Kafaɗu masu faɗi, hannaye a ɗage. A saman kan, baki biyu na ɗankwali a tsaye.

Abin da na gani ke nan. Zatona kuwa nawa ne, ba zan haɗa muku su a layi ɗaya ba.

Na tashi ina neman mayafi, na ɗauki na Yaya na yafa a baibai. Umma tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Awarwaro suka yi ƙara. Tiren shinkafar ya kusa suɓuce wa Umma.

Muryar ta shigo tun kafin a buɗe.

"Salamu alaikum. Ina mai idon nan take?"